Waiwaye: Abuja da Yamai Na Musu Kan Haƙƙi, Karare Na Biyan Kuɗin

Ranar 30 ga Yuli, 2023, shugabannin ƙasashen ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Bola Tinubu, suka ba sojojin da suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum wa'adin mako guda su mayar da shi kan kujerarsa. Kafin wa'adin ya cika an garƙame iyaka, an tsayar da ciniki da hada-hadar bankuna, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take tura wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke sha. Ranar 10 ga Agusta aka ce rundunar ko-ta-kwana ta ɗaura ɗamara. Hujjar Abuja ita ce haƙƙi: jama'ar Nijar sun jefa ƙuri'a, ba wanda ya isa ya soke zaɓinsu da bakin bindiga, kuma an tsare mutum da iyalinsa ba tare da shari'a ba.

Jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, da mutanensa su ma da haƙƙi suka mayar da martani. Suka ce ƙasa tana da 'yancin yanke wa kanta hukunci, arzikin yuraniyom nata ne, sojojin Faransa su tattara nasu-ya-nasu, kuma horar da mutum miliyan ashirin da ɗoriya da yunwa da duhu saboda kujerar mutum ɗaya shi ne babban take haƙƙi. Kowane ɓangare ya riƙe gaskiyarsa gam, kuma in za a yi adalci, kowa akwai abin kamawa a maganarsa.

Ni dai na fi son a kalli wannan musu daga Karare, a ƙaramar hukumar Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, maƙwabciyar Safana ta Yariman Katsina. Yamma da wannan yanki dajin Rugu ne da ya miƙa har Zamfara. Arewa kuma Jibiya ce, daga nan sai Magama, ka tsallaka Ɗan Isa ka nufi Maraɗi. Babu wanda ya tambayi mutanen nan ra'ayinsu a taron Abuja, babu kuma wanda ya tambaye su a Yamai. Amma sun daɗe da sanin irin wannan gardama, domin kakanninsu sun biya kuɗinta tun kafin a san da wata ƙasa mai suna Najeriya ko Nijar.

Da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaje ya karɓi mulki, zuriyar tsohuwar sarauta kuwa ta yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi wajen 1819. Daga nan aka shiga kusan shekara tamanin ana kai wa juna hari. Masu tutar jihadi suna da hujjarsu: sun zo kawar da zaluncin sarakuna, irin wanda Shehu Usmanu ya lissafa a Kitabul Farƙi, na ƙwacen dukiya da harajin da shari'a ba ta san da shi ba. Mutanen Maraɗi su ma suna da tasu: ƙasar ta iyaye da kakanni ce, ba za su bar wa wani ba. Mai karatu zai ji kamar ya san wannan muhawara, ɗaya na kafa hujja da ƙa'ida, ɗaya na kafa hujja da gado.

Ƙasar Ruma ce ta zauna a tsakiya. Wajen 1843 zuwa 1844 garuruwanta suka yi bore suka bi Ɗan Mari na Maraɗi, Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe su da tsananin da ya watsa garuruwa, gonaki suka koma kurmi. Ba a jima ba Sakkwato ta tuɓe Siddiku, amma tuɓe sarki bai mayar da kowa kangon gidansa ba. Bayan haka mahayan Maraɗi, na Ɗan Baskore, daga baya na Ƙaura Hasau, ta wannan daji suke ratsowa su kama mutane. Ke nan wani ɓangare na dajin da yau 'yan bindiga ke fakewa a cikinsa, asalinsa mazaunin mutane ne da rigimar maƙwabta biyu ta tasa. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗan Batsari ya ɗaga kunne duk ranar da ya ji manya sun fara kurarin kare masa wani abu.

Sai Turawa suka zo, kowa da tutar ceto. Ingila ta ce ta zo hana cinikin bayi. Faransa kuwa ƙasar da ke alfahari da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1789 ce, amma ayarin Voulet da Chanoine da ta turo a 1899 ya bar Birnin Ƙonni da garuruwan da ke hanyarsa cikin toka da gawawwaki. Suka ja layi a takarda a 1898, suka gyara a 1904, suka sake gyarawa a 1906, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa turaku daga 1906 zuwa 1908. Katsina ta faɗo hannun Ingila, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa.

Abin lura shi ne yadda kowannensu ya fahimci 'yancin da ya ce ya kawo. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana saye da sayar da mutum, ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ba ta 'yanta bayin da ke hannu ba. Bawa sai ya fanshi kansa, sau da yawa ta hanyar murgu, domin Bature ba ya son ɓata wa sarakunan da yake mulki ta hannunsu rai. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Faransa ta haramta bautar da mutum a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905, sai dai ta maye gurbinta da abin da talaka bai ga bambancinsa ba: aikin tilas, ɗaukar kaya a ka daga zango zuwa zango, ɗibar samari soja, da dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba tare da alƙali ba. Wannan bai ƙare ba sai a 1946. Jami'an Ingila suna rubuta rahoto kan zaluncin Faransawa, na Faransa suna zargin Ingilishi da goya wa masu bayi baya. Laifi tudu ne. Da yaƙin duniya na biyu ya matsa, Ingilar ma ta shiga ɗibar talakawan Arewa da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, da yawa ba su dawo ba. Kuma ranar da talaka ya ɗaga kai, bambancin ra'ayin nan ya ɓace: a 1906, da mutanen Satiru suka yi bore tare da Ɗan Makaho wanda ya gudo daga yankin Faransa, Turawan biyu baki ɗaya suka yi, aka shafe garin.

To, me ya ceci talaka a wancan zamani? Ƙafarsa. In haraji da aikin tilas suka yi tsanani a Maraɗi ko Tasawa, sai mutum ya jira dare, ya ɗaura wa jaki kaya, ya kora iyalinsa kudu. Mai gari a ƙasar Katsina ya yanka masa gona, liman ya raɗa wa ɗansa suna, ba wanda ya nemi takarda. Ƙauyuka da yawa a yammaci da arewacin Katsina da irin waɗannan baƙi suka sake cika. Kumandan Bafaranshe ya san cewa in ya cika matsa wa mutane zai wayi gari ba mai biyan haraji, wannan tsoro kuwa ya fi kowace doka da aka rubuta a Faris rage masa mugunta. A ganina wannan shi ne haƙƙi ɗaya tilo da mutumin bakin iyaka ya taɓa iya karɓar wa kansa ba tare da lauya ba: in wuri ya yi zafi, ya tashi, kuma ya sami mai buɗe masa ƙofa.

Bayan samun mulkin kai, ƙasashen biyu sun rubuta wannan a takarda. An kafa hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar a 1971 mai mazauni a Yamai, ECOWAS kuma ta amince da 'yancin zirga-zirga a 1979. Shekara huɗu kacal bayan haka, a Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Mutanen Gana aka fi tunawa, amma 'yan Nijar da yawa na cikin waɗanda aka kora. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai a 1986, kuma rufewar ta faɗo daidai da fari mai tsanani. Hatsin da ya saba hawa daga kasuwannin Najeriya ya tsaya. Har yau tsofaffi a ƙasar Maraɗi da Damagaram suna kiran waccan yunwa El-Buhari. Ban san wani hukunci da ya fi wannan ɗorewa ba.

Akwai kuma abin da masu kurari a Abuja ba su son a tuna. A Nuwamban 1995, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Me Abuja ta ce a lokacin? Ta ce katsalandan ne cikin harkokin gida, ta ce Turawa ba su da bakin koya wa kowa haƙƙi. Kusan kalma da kalma abin da Yamai ke faɗa yau. Wannan gwamnatin sojan ce kuma ta tura dakaru Saliyo a 1998 su mayar da zaɓaɓɓen shugaba Tejan Kabbah. Da Ibrahim Bare Mainasara ya yi juyin mulki a Nijar a Janairun 1996 kuwa, ba wanda ya yanke masa wuta. Ashe matsayin ƙasa kan haƙƙi yakan bi kujerar da shugabanta ke kai a ranar.

Mu dawo kusa. Daga 2019 ƙafa ta juya, masu gudu suka koma yin arewa. Hare-haren 'yan bindiga a Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tura dubun-dubatar mutane jihar Maraɗi, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da 70,000 zuwa 2021, akasarinsu mata da yara. Kafin a kafa musu matsugunai a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, talakawan ƙauyukan Gidan Rumji ne suka karɓe su, suka raba ɗaki da rumbu da su, a ƙasar da ake lissafawa cikin mafiya talauci a duniya. Bashin da kakanni suka ci aka biya, ko da masu biyan ba su san da lissafin ba.

A daidai wannan lokaci, a Agustan 2019, Abuja ta sake rufe iyaka, wannan karon don shinkafa. A Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Fabrairun 2020, ana tsaka da wannan tsaro na shinkafa, 'yan bindiga suka shiga Tsauwa da Ɗankar a ƙasar Batsari suka kashe mutum wajen talatin, har da tsofaffi da ƙananan yara. Jama'a suka yi ta tambaya, kuma tambayar tana kan hanya: ƙasar da ke da jami'an da za su bi buhun shinkafa har cikin kasuwa, ina suke ranar da ake ƙona rumbuna? Shinkafar ma ba ta daina shigowa ba. Yaro ne zai ɗaure buhu biyu a bayan babur, ya bi burtali da asuba, ya tsaya a shinge bayan shinge yana miƙa na goro, ya sauke a gari an ninka kuɗin. Wanda ya yi asara shi ne mai awo a kwano da matar da ta zo saye.

Sai Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, Batsari da Safana na ciki, aka rufe wasu kasuwannin dabbobi da hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Niyyar ita ce a toshe wa ɓarayi numfashi. Amma a tuna da magidancin da aka ɗauke wa mata, masu garkuwa sun ce su ji daga gare shi, wayar hannunsa kuwa ta zama dutse. Sai ya nemi kuɗin mota ya tafi Katsina, ya tsaya bakin tasha yana kiran ɗansa da ke ci-rani a Legas ya turo abin da ya samu, sannan ya dawo gida da dare ta hanyar da shi ma ana iya tare shi. In an kawo hari cikin dare, babu lambar da za a kira. Na kawo wannan ne domin a ga cewa abin da aka yi wa Nijar a 2023, wato a matsa wa kowa don a kai ga 'yan kaɗan, gwamnati ta riga ta gwada shi a kan 'ya'yanta, kuma ta ga iyakar amfaninsa.

Shi ya sa da aka fara kaɗa gangar yaƙi a Agustan 2023, Arewa ta ƙi rawa. Jihohi bakwai ne ke da iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, tsawon kusan kilomita 1,500. Sanatocin Arewa suka fito suka ce a'a, majalisar dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka je Yamai, Muhammadu Sanusi na Biyu ya gana da Tiani, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya bi baya. A Magama kuwa manyan motoci suka yi layi, kayan gwari na ruɓewa, 'yan dako da masu abinci da 'yan canji suka zauna hannu rabbana. Raguna da wake da dabinon da ke gangarowa suka yi tsada a kasuwanninmu, can kuma magani ya yi wuya, asibitoci suka koma kan janareto. An janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024, Najeriya ta buɗe iyaka a Maris. Bazoum bai koma kujerarsa ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewa daga ECOWAS tun 28 ga Janairu, ficewar kuma ta tabbata bayan shekara guda. Wata bakwai na wahala, ba a ci ko sisi ba.

Kada wani ya ɗauka ina wanke sojojin Yamai. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci ranar 15 ga Disamba, 2023 cewa tsare Bazoum da iyalinsa ya saɓa doka, aka yi kunnen uwar shegu, shi da matarsa Hadiza suka haura shekara biyu a tsare. Wannan kotu ce fa ta tsaya wa Hadijatou Mani a 2008, matar da aka sayar tana yarinya, ta ci gwamnatin Nijar tarar sefa miliyan 10 saboda gaza kare ta daga bauta. Da ficewar Nijar, talakan ƙasar ya rasa wannan ƙofa. An kama ɗan fafutuka Moussa Tchangari a Disamban 2024, a watan nan aka dakatar da BBC na wata uku, a Maris ɗin 2025 aka rushe jam'iyyu, Tiani ya yi rantsuwar shekara biyar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba. 'Yancin ƙasa da ba ya barin ɗan ƙasa ya buɗe baki, na masu mulki ne kaɗai.

Sai dai mai wa'azin ma a dubi rigarsa. ECOWAS ɗin da ta zare takobi kan Yamai ba ta ce uffan ba da Alassane Ouattara da Alpha Condé suka yi tazarce karo na uku a 2020. Ana tsaka da takunkumi, ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin sojan Najeriya maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. A Nuwamban 2024 duniya ta ga yaran da aka kama a zanga-zangar yunwa suna faɗuwa a kotun Abuja bayan wata uku a tsare. Da wane baki za a yi wa maƙwabci faɗa?

Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi, wadda aka amince da ita a 1981 ta fara aiki a 1986, ta haɗa duka biyun a takarda ɗaya: haƙƙin mutum ya zaɓi shugabansa kuma kada a tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, da haƙƙin al'umma ta mallaki ƙasarta da arzikinta. Ƙasashen biyu duk sun sa hannu. Abuja ta yagi shafin da ya yi mata daɗi, Yamai ta yagi nata. Shafin da ke maganar rai da lafiya da zirga-zirga da neman mafaka, wanda shi ne ya shafi mai gona a bakin Rugu, an bar shi a ƙasa. Ɓarayin daji kuwa ba su taɓa sanin an rufe iyaka ba: dajin da ke ɓangarenmu yana haɗe da na Madarunfa, shanun sata da bindigogi suna kai-komo. A Satumban 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi sun zauna da gwamnan jihar kan wannan matsala, kuma irin wannan zama ne abu na farko da ke mutuwa duk ranar da manyan biranen suka ɓata. A Disamban 2024 Tiani ya fito da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta, sai da ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Yamai a Afrilun 2025 aka ɗan sassauta murya. A tsakanin nan, al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana da suka gaji da jira sun koma zaman sulhu da masu ɗauke da bindigar da ta kashe musu 'yan'uwa.

Saɓani tsakanin Abuja da Yamai zai sake tasowa, ko kan zaɓe, ko kan mai, ko kan ruwan Kwara. Kirana ga 'yan majalisar da ke wakiltar Batsari da Safana da Jibiya, da gwamnatin jihar Katsina, da masarautun Katsina da Maraɗi, shi ne su matsa tun yanzu da ake ga-maciji, hukumar haɗin gwiwar nan ta 1971 ta rubuta ƙa'ida a sa hannu: duk rigimar da za a yi, ba za a taɓa hatsi da magani da wutar asibiti ba, ba za a tare wanda ya gudo da ransa ba, kuma jami'an tsaron Katsina da na Maraɗi ba za su daina ɗaga wa juna waya ba. A hukunta mai laifi da sunansa da asusunsa da fasfonsa. Hanyar Magama kuwa a bar ta a buɗe.